Ajin nazare mai yara 38 da suka iya hadda amma ba su iya ba da labari ba

Yadda ajin yake a Satumba 2023

Makarantar ta kuɗi ce, irin ƙananan nan na cikin unguwa a gefen birnin Kano, asalinta gidan haya ne aka fasa bango aka mai da ɗakunan azuzuwa. Ajin da zan yi magana a kai nazare 2 ne, yara 38 a rajista 'yan shekara huɗu zuwa biyar, malama ɗaya mai takardar shaidar koyarwa ta NCE da yaran ke ce wa Anti, sai wata dattijuwa da aka ɗauka raino da shara wadda kowa Iya yake ce mata har mai makarantar. Kusan duk yaran Hausa ake musu a gida, in ka cire uku, biyu Fulatanci ɗaya Barbarci.

Karatun safe dai wanda kowa ya sani ne, A for apple, ƙirga ɗaya zuwa hamsin, jihohi 36 da manyan biranensu, duk da ƙarfi har maƙwabta na ji ta katanga, kuma iyaye na jin daɗin hakan sosai. Abin da ya fara damun Anti shi ne in ta kira yaro shi kaɗai ta ce me ka yi jiya da ka koma gida, amsar ba ta wuce kalma ɗaya, "wasa". Da wa? "Yaya." Sai me ya faru? Shiru, a sunkuyar da kai a kama wasa da maɓallin riga. Kuma ba wai yaran ba su da baki ba ne, a lokacin tara surutunsu har kai yake sara wa, amma guntu-guntu ne, ba ni, nawa ne, zan gaya wa Anti. Jera magana uku huɗu da ke bin juna shi ne babu.

Akwai kuma dokar makaranta cewa ba a Hausa a cikin aji. A wancan lokacin wannan doka ta mai makaranta ce ba ta gwamnati ba, don tsarin ilimi na ƙasa tun bugun 1977 cewa ya yi a koyar da yaran da ba su kai firamare ba da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin, har a Nuwamba 2022 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a kai abin ƙarshen firamare lokacin Adamu Adamu na ministan ilimi. Amma makarantar kuɗi abin da mai biyan kuɗi ke son ji shi take sayarwa.

Gwajin farko, Oktoba 2023

Anti ta nemi izini na musamman ta yi tatsuniya ɗaya da Hausa don ta auna. Ta ɗauko ta Gizo da hankaki ta raba ta gaɓa biyar: ana yunwa Gizo ya ga hankaki na dawowa da ɓaure, ya roƙe su kowa ya ara masa gashi ya tashi da su, da aka je kan bishiya a tsakiyar ruwa ya hana su ci yana cewa duk shi ya riga gani, suka ji haushi kowa ya zare gashinsa suka tafi, shi kuma ya faɗo ruwa. Washegari ta fara kiransu ɗaya bayan ɗaya bakin ƙofa tana cewa ba ni labarin jiya, tana sa alama a bayan littafin rajista.

Abin da ta rubuta: yara 5 sun kawo gaɓa uku ko fiye a jere, 14 sun kawo ɗaya ko biyu, 19 ba su ce komai ba ko kuma sun ce "Gizo" kawai sun yi shiru.

Littattafan gwanjo da talabijin, Oktoba zuwa Disamba 2023

Da aka kai wa mai makaranta wannan lissafi, abin da ya fara yi shi ne ya sayo katon ɗaya na littattafan yara na turanci irin na gwanjo, masu kyau wallahi, takarda mai sheƙi, hotuna tas. Anti takan tsaya gaban allo ta ɗaga littafi ta karanta layi yara su maimaita. Matsala ta farko girman littafin, bai fi tafin hannu biyu ba, 'yan bencin gaba ne kawai ke ganin hoton, na baya sai su miƙe, in sun miƙe a ce su zauna, in sun zauna su koma tsokanar juna. Ta biyu abin da ke ciki, dusar ƙanƙara, wani beyar sanye da rigar sanyi yana shan shayi, yaro na hawa jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa. Anti kan ɓata rabin lokacin tana bayanin mene ne wannan kafin a zo ga labarin kansa, kuma bayanin ma da turancin da ba su ji. Bayan kamar sati uku yaran sun iya rera layin farko na littafi biyu, irin yadda suke rera jihohi.

A Nuwamba aka sauko da talabijin ɗin ofis aka rataye a ajin, ana sa musu katun daga filashi sau biyu a sati. Ranar farko ajin ya yi tsit, Iya ma cewa ta yi tunda ta zo makarantar ba ta taɓa samun sukunin cin goronta a zaune ba sai ranar. In an kashe aka ce wa zai faɗa mana me ya faru, sai ka ga sun kwaikwayi ƙarar mota ko tsallen da wani ya yi, suna dariya, amma labarin bai fito ba. Ga kuma wuta, unguwar ba ta cika samu da safe ba, janareta kuma tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu 2023 mai makaranta ba ya yarda a tayar sai in za a buga takardun jarabawa. Kafin hutun Disamba talabijin ta koma ofis.

Anti ta sake gwajin a satin ƙarshe na zango da wata tatsuniyar daban: 7 ne suka kai gaɓa uku.

'Yan tsanar safa, Janairu 2024

Da aka dawo cikin hunturu ta zo da dabarar da aka koya musu a kwaleji, ta samu tsofaffin safa ta ɗinka musu idanu da maɓalli, ɗaya Gizo ɗaya Ƙoƙi. Mai makaranta ya yarda a ba ta minti 20 kullum bayan tara ta yi da Hausa, da sharaɗin kada ya shafi sauran darasi. Yaran sun so abin ba kaɗan ba, in ta sa hannu a safa ta maƙale murya irin tsamin bakin Gizo har faɗuwa suke daga benci. Sai dai ita ke riƙe da safar, ita ke magana, su nasu dariya ne. Da ta ce bari ta ba yaro ɗaya ya riƙe, 37 suka taso a kansa, aka tsinke idon Ƙoƙi, mutum biyu suka yi kuka.

A satin kuma abubuwa biyu suka taso daga gida. Wani uba ya aiko cewa ba ya son a riƙa kawo wa 'yarsa mutum-mutumi mai ido a aji. Aka tambayi malamin da ke koyar da Islamiyya da yamma a makarantar, ya ce 'yar tsanar wasan yara malamai da yawa sun sauƙaƙa a kanta saboda hadisin da ke cikin Bukhari cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana, amma ya ba da shawara in akwai hanyar da ba za ta jawo surutu ba a bi ta. Na biyun wata yarinya ce ta zo ta ce kakarta ta ce ba a tatsuniya da rana, wanda ya yi zai ɓata a kasuwa, kuma ta faɗa da ƙarfi kowa ya ji, nan take wasu suka toshe kunne. Iya ce ta kashe wannan, ta ce ai sai a ɗaure Gizo tukuna, ta ɗauko zare ta ƙulla a ƙafar teburin Anti ta ce to an ɗaure shi, babu mai ɓata. Daga ranar ƙulla zaren ya zama aikin da ake rabawa, kullum da mai yi.

Buhun labari da katin kwali, Fabrairu zuwa Maris 2024

A nan aka sauya abubuwa uku kusan lokaci ɗaya, shi ya sa zan ɗan daɗe a wurin.

Na farko kayan. Aka ajiye safa. Anti da Iya suka samu ƙananan buhunan shinkafa huɗu da aka wanke, kowanne aka zuba masa kayan tatsuniyar satin, kuma kayan gaske ne da yaro ya sani a gidansu: na Gizo da hankaki akwai gashin kaza da aka tsinto wajen masu figa, busasshen ɓaure, reshen bishiya, shuɗin ƙyalle a matsayin ruwa, Gizo kansa kuma murfin kwalba ne da aka liƙa wa tsinken tsintsiya takwas. Sai katuna biyar da aka yanka daga kwalin taliya, kowanne hoton gaɓa ɗaya, wani yaro ɗan aji shida mai hannun zane ya zana da alƙalamin maka. Katin ya kai faɗin faranti, ana gani daga ƙarshen aji. Wannan ba sabon abu ba ne a duniya, a Japan tun wajajen 1930 masu yawo da keke suna sayar da alawa suke ba yara labari da katuna irin haka ana zare ɗaya bayan ɗaya, Kamishibai suke ce masa. Kuɗin da aka kashe duka bai wuce na maka da gam ba.

Na biyu zama. Aka tura benci jikin bango aka shimfiɗa tabarma huɗu, yara tara ko goma a kowacce, buhu ɗaya a tsakiya. Anti na zagaya biyu, Iya na zagaya biyu.

Na uku, tatsuniya ɗaya ce sati guda cur, ba sabuwa kullum ba. Litinin Iya ke bayarwa, don gaskiya ta fi Anti iyawa nesa ba kusa ba, ta ce ga ta nan ga ta nanku su amsa ta zo mu ji ta, tana zaro kaya daga buhu ɗaya-ɗaya har ƙurunƙus. Talata Anti ta maimaita amma tana tsayawa a tsakiya, "sai hankaki suka ce..." ta yi shiru sai wani ya cike. Laraba a hargitsa katuna a ba kowace tabarma su jera, kuma dokar ita ce ba ka ajiye kati sai ka faɗi abin da ke ciki. Alhamis a raba kayan buhu, wanda gashi ke hannunsa shi ne hankaka, dole ya yi maganar hankaka. Juma'a da yake ana tashi da wuri, mutum biyu daga kowace tabarma su ba da labarin duka.

Ga yadda wata Laraba ta kasance a tabarma ɗaya, kamar yadda Anti ta ba ni. Wani yaro da ke cikin 19 ɗin nan na farko ya ɗauki katin faɗawa ruwa ya sa a gaba. Wata ta ce a'a ba nan ba ne. Ya ce nan ne. Anti ba ta gyara ba, ta ce masa, "To Gizo ya faɗa ruwa, me ya sa ya faɗa?" Ya ce, "Ba shi da gashi." Ta ce, "Ina gashin ya tafi?" Ya dubi katunan ya daɗe, sannan ya ce, "Sun ƙwace... don ya cinye musu ɓaure, sai suka ƙwace, sai ya faɗo." Da kansa ya janye katin ya mai da shi ƙarshe. Anti ta maimaita masa jimlar a cike ta ƙara kalma ɗaya, ta ce eh saboda ya yi rowa, ya ce rowa.

Wannan salon na tambayar me ya sa, sai me, sannan ka maimaita amsar yaro ka ɗan faɗaɗa ta, shi ne abin da Grover Whitehurst da abokan aikinsa suka gwada a Amurka a 1988 da iyaye masu karanta wa 'yan shekara biyu littafin hoto, suka ga yaran da aka yi wa haka sun fi sauran iya furta magana. Anti ba da littafi ta yi ba, da kwali ta yi, amma tambayoyin iri ɗaya ne.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. An gwada allon bargo, wato a rataya tsohon bargo a liƙa hotuna masu sanfefa a baya, ƙurar hunturu da zafin Maris suka sa gam ɗin ya saki hotuna na ta zubowa, aka watsar. Ɓaure kuma an cinye shi tun ranar Talata ta farko, dole aka koma 'ya'yan goruba da ba su ciyuwa da sauƙi.

Taron iyaye, farkon Maris 2024

Kafin azumi, wanda aka fara 11 ga Maris, aka yi taron iyaye da malamai kuma maganar ta taso da zafi. Wata uwa ta ce ita ba ta biya kuɗin makaranta don a koya wa ɗanta Gizo da Ƙoƙi ba, wannan ko a tsakar gida ya samu, wani kuma ya ce ɗansa ya dawo yana tsamin baki da gangan wai shi Gizo. Mai makaranta ya so ya soke minti 20 ɗin a wurin. Abin da aka daidaita a kai shi ne a ci gaba, amma kowace tatsuniya a fitar da kalmomin turanci biyar daga kayan buhun, a rubuta a bayan kati, ranar Alhamis a yi zagaye na biyu inda yaro zai ɗaga abin ya faɗi sunansa da turanci cikin gajeriyar jimla. Kuma kowace Juma'a a ba yara huɗu katunan su kai gida su ba iyayensu labarin su dawo da su Litinin. Saiti biyu ba su dawo ba, ɗaya an ce akuya ta ci.

Yara biyu da suka tsaya, Afrilu zuwa Mayu 2024

Bayan ƙaramar Sallah da aka shiga zango na uku Anti ta lura da mutum biyu da ba su motsa ba. Ɗaya yarinya ce cikin masu Fulatanci, tana jera katuna daidai tsaf, ta fi kowa sauri, amma ba ta cewa uffan. Aka haɗa ta tabarma ɗaya da ɗayan mai Fulatancin aka ce su fara faɗa wa juna da yarensu sannan su faɗa wa tabarma da Hausa. A hankali ta fara, da gajerun jimloli.

Na biyun yaro ne da kullum sai ya ga abin da na kusa da shi ya yi sannan ya yi, in Iya na magana bakinta yake kallo ba buhun ba. Iya ce ta ce a duba kunnen yaron nan, don ta ga yana yawan sosa na hagu kuma wani lokaci da ɗan ruwa a ciki. Aka gaya wa mahaifiyarsa, aka kai shi asibiti ɓangaren kunne, aka samu ciwon kunne ne da ya daɗe har ya rage masa ji. Aka sa shi a magani, a aji kuma aka dawo da shi gefen mai ba da labari ta wajen kunnen da ke da lafiya. Har ƙarshen shekara yana baya da sauran.

Yara su kawo nasu, Mayu zuwa Yuni 2024

A wannan zangon aka ƙara abu ɗaya ranar Juma'a. Yaro ɗaya zai zo ya faɗa wa Anti labarinsa na kansa, ta rubuta yadda ya faɗa ba gyara, sannan ta karanta wa aji shi kuma ya zaɓi waɗanda za su taka. Wata malamar nazare a Chicago, Vivian Paley, ita ta yi suna da wannan hanya. Labaran farko layi biyu ne, "Kura ta zo. Ta cinye Abba." Bayan babbar Sallah kuwa kusan kowa labarin rago ya kawo, wani ya yi layi tara har da inda ragon ya tsinke igiya ya shiga gidan maƙwabta babansa ya bi shi ba takalmi. Anti ta kuma sauko da wasu gajerun labaran Hausa daga shafin African Storybook, wanda kyauta ne, ta buga su manya, littattafan gwanjon nan ma aka dawo da su amma yanzu a kan tabarma, ana rufe rubutun a ce su faɗi abin da suke gani a hoton.

Gwajin ƙarshe, Yuli 2024

Yara 36 suka rage, biyu sun bar makarantar. Aka yi kamar na Oktoba, tatsuniyar da ba a taɓa yi a ajin ba, gaɓa biyar, ba buhu ba kati, washegari a kira mutum bakin ƙofa. 24 sun kawo gaɓa uku ko fiye a jere, 9 ɗaya ko biyu, 3 ba su kawo ba, cikinsu har mai ciwon kunnen. A turanci abin da Anti ta iya gani shi ne yawancinsu na kiran sunayen kayan buhu da 'yar jimla, amma babu wanda ya ba da labari cikakke da turanci.

Yadda nake kallon abin

Kada a ɗauki 5 zuwa 24 a ce duk aikin buhu ne. Yaran sun ƙara wata tara a duniya, kuma a wannan shekarun ko ba ka yi komai ba baki na buɗewa, sannan mai koyarwar ita ce mai gwajin, babu wani ajin da aka bari a gefe don a kwatanta. Abin da ya sa duk da haka na yarda tsarin ya yi tasiri shi ne zangon farko, wata biyu da rabi ana littafi da talabijin aka tashi daga 5 zuwa 7 kawai.

Ni a ganina abin da ya raba kayan da suka yi aiki da waɗanda ba su yi ba shi ne a hannun wa kayan suke. Talabijin, littafin da aka ɗaga a gaban allo, safar Anti, duk babba ne ke magana yaro na kallo, ko na'ura ce ke magana. Gashin kaza a hannun yaro kuwa ya ba shi matsayi a labarin, katin ya riƙe masa jerin abin da ya faru don kada ƙwaƙwalwarsa ta yi aiki biyu lokaci ɗaya, tunawa da kuma neman kalma. Maimaita labari ɗaya kwana biyar ya ba marasa saurin baki damar su ji "sai", "daga nan", "saboda" sau da yawa kafin a nemi su faɗa. Kuma da a ce an hana Hausar, ba na jin ko ɗaya daga ciki zai yi aiki, don yaro ba zai koyi jera labari da harshen da bai mallaki kalma hamsin a cikinsa ba. Masu ƙorafin turanci suna da gaskiyarsu ta wani ɓangare, kalma biyar a sati kaɗan ce, kuma makarantar ba ta da wani tsari na yadda za a haye daga labarin Hausa zuwa na turanci a firamare 1.

Rabon tabarma huɗu kuma ya yiwu ne don manya biyu ne a ajin. A Satumba 2024 an ɗauki yara 45 a nazare 2, aka mai da Iya nazare 1 saboda ƙananan sun fi buƙatar raino, Anti ta koma tabarma biyu manya da kwana uku a sati maimakon biyar, kuma har yanzu tana neman mai makaranta ya bar mata Iya ko da ranar Litinin ce kawai.